Tsohuwar Windows a shagunanmu na Legas bayan Microsoft ya janye hannu

A ranar 14 ga Oktoba 2025 kamfanin Microsoft ya daina aika wa Windows 10 gyaran tsaro na kyauta, bayan shekara goma da fitowarta a watan Yulin 2015. Washegari babu kwamfutar da ta ƙi tashi a Agege ko Idi-Araba ko Obalende. An ci gaba da buga takardun haya da katin gayyatar biki, an ci gaba da yi wa ɗalibai rajista, 'yan canji sun ci gaba da lissafinsu kamar kullum, kuma wannan ne ya sa mutane da yawa suka ɗauki maganar a matsayin dabarar kamfani ta sa a sayi sabon kaya. Akwai ƙamshin gaskiya a wannan zargi, amma labarin bai tsaya nan ba. Ni da nake kula da kwamfutocin shagon yayana da na wasu maƙwabtansa a Agege, tambayar da aka fi yi mini ita ce ko akwai yadda za a ci gaba da sabunta tsohuwar manhajar ba tare da an canza injin ba. Akwai hanyoyi, wasu ta ƙofar gida wasu ta bayan fage, kuma ba dukansu ne suka cancanci wahalar mutum ba.

Abin ya fi shafarmu fiye da mutanen Turai saboda irin kayan da muke saye. Mafi yawan kwamfutocin da ke kan teburanmu tokumbo ne, waɗanda ofisoshin Ingila da Amurka suka gama yayinsu, aka lodo su zuwa Computer Village da ke Ikeja ko kasuwar Alaba. Kaya ne masu ƙarko, irin su HP EliteBook da Dell Latitude da Lenovo ThinkPad, waɗanda suka jure zafi da ƙura da wutar janareta shekara da shekaru. Sai dai Windows 11, wadda ta fito a watan Oktoban 2021, ta zo da sharuɗɗan da suka bar da yawansu a waje: tana buƙatar guntun tsaron da ake kira TPM 2.0, da RAM aƙalla giga 4, da ma'ajiya giga 64, sannan farosesar, wato ƙwaƙwalwar injin, ta kasance Intel zubi na 8 zuwa sama, ko AMD Ryzen 2000 zuwa sama, ban da 'yan tsirarun da aka yi wa sassauci. EliteBook 840 G3 da Latitude E7470, waɗanda suka cika shagunan buga takardu da ofisoshin 'yan kasuwa, zubi na 6 ne. Lafiyarsu ƙalau, suna aiki da sauri idan an sa musu ma'ajiya mai sauri ta SSD, amma a wurin Microsoft sun tsufa.

Abin da aka rasa ba ya ganuwa da ido, shi ya sa yake da wuyar bayani. A ranar Talata ta biyu ta kowane wata Microsoft yana sakin faci na toshe kafofin da aka gano a cikin manhajarsa, wato kurakuran da mai kutse zai iya bi ya shiga kwamfuta. Windows 10 da Windows 11 sun yi tarayya a babban kaso na gininsu, saboda haka idan aka toshe wata kafa a sabuwar, masu kutse sukan zauna su kwatanta manhajar kafin faci da bayan faci, su gane ainihin inda ramin yake, sannan su duba ko yana nan a tsohuwar. Sau da yawa yana nan, kuma babu mai zuwa ya toshe shi. Ke nan facin da ya kare wasu shi ne ya nuna wa ɓarawo hanyar shiga wurin wasu. Lamarin kamar katangar ƙasa ce da aka daina yi wa yaɓe: ba ranar da aka daina take faɗuwa ba, kowace damina ce take cin rabonta, har ranar da za a wayi gari a ga tsakar gida daga titi.

Wanda yake son ganin yadda abin yake faruwa a zahiri ya tuna da WannaCry. A ranar 12 ga Mayu 2017 wannan muguwar manhaja ta bazu a ƙasashe kusan 150, tana kulle fayilolin mutane tana neman kuɗin fansa, har ta tsayar da aiki a asibitocin gwamnati da dama a Ingila. Ta bi ne ta wata kafa a tsohon tsarin musayar fayiloli tsakanin kwamfutoci, kuma ba ta buƙatar kowa ya danna komai, muddin injin yana haɗe da sauran. Ɓarnar ta kai Microsoft ya saki faci na gaggawa ga Windows XP, wadda ya daina kula da ita tun 8 ga Afrilu 2014, ya kuma sake yin haka a watan Mayun 2019 saboda wata kafar da aka yi wa laƙabi da BlueKeep. Wasu sukan kafa hujja da wannan su ce ai idan abu ya yi tsanani kamfanin zai kawo ɗauki. Wataƙila ya kawo, amma alfarma ce da aka yi a lokuta ƙalilan, ba alkawari ba ne. Abin da ya fi jan hankalina a labarin wani ne daban: mafi yawan kwamfutocin da WannaCry ta kama Windows 7 suke ɗauke da ita, alhali a lokacin tana cikin kulawa, kuma facin da zai kare ta ya fita tun watan Maris, wata biyu kafin harin. Maganin yana nan, masu injinan ne ba su sa shi ba.

A nan ne nake ganin muna yaudarar kanmu idan muka ɗora laifin duka a kan ranar 14 ga Oktoba. Da yawa daga cikin kwamfutocin da ake kawo mini sun daina karɓar gyara shekaru kafin wannan rana, domin an kashe musu sabuntawa da gangan. Dalilin kuwa ba wauta ba ne. Wanda yake haɗa kwamfuta da datar wayarsa ya san ɗacin ya sayi data da safe, kafin azahar Windows ta shanye ta a ɓoye, musamman tun da aka amince wa kamfanonin sadarwa ƙarin kuɗi na kashi 50 cikin 100 a farkon 2025. Wanda batirinsa ya mutu kuma ya san fargabar a ɗauke wuta ana tsakiyar sabuntawa, injin ya ƙi tashi, kwastoma yana tsaye yana jira. Saboda haka abu na farko da mai gyara yake yi bayan ya ɗora Windows shi ne ya kashe sabuntawa, maigida kuma ya yi masa godiya. Sakamakon shi ne za ka tarar da inji yana ɗauke da zubin 1909 na Windows 10, wanda wa'adinsa ya ƙare tun watan Mayun 2021, mai shi kuma yana tambaya ko abin da ya faru a 2025 zai shafe shi. Kafin a yi maganar kowace dabara, a danna maɓallin Windows tare da harafin R, a rubuta winver, a ga abin da ya fito. Idan ba 22H2 ba ne, wanda shi ne zubin ƙarshe na Windows 10, to aikin farko shi ne a kai injin inda akwai wuta tsayayya da intanet marar iyaka, a bar shi ya sha duk abin da ya wuce shi.

Hanyar da kamfanin kansa ya buɗe ita ce shirin ƙarin wa'adi da ake kira ESU. A zamanin Windows 7, wadda kulawarta ta ƙare a 14 ga Janairu 2020, an sayar wa kamfanoni da hukumomi ne kaɗai wannan ƙarin har zuwa Janairun 2023. A wannan karon an buɗe wa ɗaiɗaikun mutane, na shekara guda, zuwa 13 ga Oktoba 2026. Ana shiga ta ɗaya daga cikin hanyoyi uku: a biya dala 30, ko a ba da maki 1,000 na Microsoft Rewards, ko a yarda kwamfutar ta riƙa ajiye saitinta a asusun Microsoft, wanda ba a biyan ko sisi a kansa. Asusu ɗaya yana ɗaukar inji har goma. Ana samun wurin rajistar a sashen Windows Update da ke cikin Settings, idan injin yana kan 22H2 kuma ya karɓi gyare-gyaren baya. An tsara wannan ne domin kwamfutocin gida. Kamfanoni suna da nasu farashin, dala 61 a kan kowane inji a shekarar farko, kuɗin yana ninkawa kowace shekara, har shekara uku. Abin da ake samu faci ne na tsaro kawai, babu sabon fasali, babu taimako idan wani abu ya lalace.

Ba a nan gizo yake saƙar ba. Sharaɗin da yake kayar da mutanenmu shi ne sai Windows ɗin ta kasance mai lasisi na gaskiya, kuma a kasuwarmu an saba da ɗora ta fashi ba tare da an ma tambayi mai injin ba. Abin takaicin shi ne a lokuta da yawa babu buƙatar hakan ko kaɗan. Kwamfutocin manyan kamfanoni da aka ƙera tun zamanin Windows 8 yawancinsu suna ɗauke da lambar lasisinsu a binne cikin injin kansa, ba a takardar da ake mannawa a ƙasa ba kamar da. Idan aka sauko da Windows 10 ta asali daga shafin Microsoft, aka ɗora nau'in da ya dace da lambar, Home ko Pro, sai ta gane lasisin da kanta da zarar an haɗa da intanet, muddin lambar ta Windows 10 ce. Amma mai gyara yana da filashi ɗaya da yake ɗora wa kowa, sannan ya bi da wata ƙaramar manhajar fasa lasisi, wadda sharaɗinta na farko shi ne a kashe garkuwar da take kare kwamfutar daga ƙwayoyin cuta kafin a kunna ta. Ke nan an rufe lasisin halal da wanda ya saya tun farko ya biya, an ɗora na sata a kai, an kuma buɗe ƙofa ga duk abin da wanda ya haɗa manhajar ya ga damar cusawa a ciki. Na taɓa yi wa wani dattijo mai harkar shanu wannan bayani, ya ce da ni, "Malam, ai ni na ɗauka duk Windows ɗaya ce, tunda duk kalarsu ɗaya." Na ce masa, "Ranka ya daɗe, kalar ɗaya ce, amma ba mu san wanda ya taɓa wannan kafin ta zo hannunka ba, kuma a kanta kake buɗe asusun bankinka." Bai yi musu ba, sai dai ya tambayi nawa ne kuɗin aikin.

Dabarun bayan fage suna da tarihi, kuma ya kamata a faɗe shi da adalci domin wasunsu sun yi aiki. Bayan an daina kula da XP a 2014, mutane sun gano cewa akwai 'yar uwarta mai suna POSReady 2009, wadda aka yi domin injinan karɓar kuɗi a shaguna, kuma ita za a ci gaba da kula da ita har watan Afrilun 2019. Da ɗan sauyi kaɗan a rajistar manhajar sai XP ta riƙa gabatar da kanta a matsayin waccan, ta karɓi facinta. Microsoft ya yi gargaɗi cewa ba a gwada waɗannan gyare-gyare a kan XP ba, amma mutane da yawa sun ci moriyar shekara biyar ta wannan hanya. Abin da ya yi kama da haka a yau shi ne nau'in Windows na dogon wa'adi da ake kira LTSC. Windows 10 Enterprise LTSC 2021 tana da wa'adi zuwa Janairun 2027, nau'inta na IoT kuwa zuwa Janairun 2032. Wannan lamba ta 2032 ita ce take ruɗin mutane. Gaskiya ce, amma an yi wannan nau'i ne domin na'urori masu aiki ɗaya, irin injinan banki da na asibiti da na masana'antu, kuma lasisinsa ba abu ba ne da ake saya a kanti. Duk wanda ya ce zai ɗora maka shi a kan kuɗin aiki kawai, to na fashi ne zai ɗora, mun koma inda muka baro.

Mafi muni a cikinsu su ne nau'o'in da ake kira Lite, waɗanda wasu da ba a san ko su wane ne ba suka yi wa Windows kwaskwarima, suka cire abubuwa domin ta yi sauƙi a kan tsohon inji. Suna da sauri, ba na musun haka, amma abin da aka cire yakan haɗa da garkuwar Defender da sashen sabuntawa kansa. Wannan ba na ba kowa shawarar ya kusance shi.

Akwai masu zaman kansu da suke aikinsu a fili. Wani kamfanin ƙasar Sulobeniya mai suna ACROS Security yana da manhaja mai suna 0patch, wadda take toshe manyan kafofi a lokacin da kwamfuta take aiki ba tare da ta taɓa fayilolin Windows ba, kuma ya ce zai kula da Windows 10 aƙalla zuwa Oktoban 2030, a kan kuɗin shekara-shekara. Ba kowace kafa yake toshewa ba, sai waɗanda ya ga sun fi haɗari. Akwai kuma Legacy Update, aikin sa kai da yake dawo wa XP da Vista da Windows 7 damar sauko da gyare-gyaren da aka riga aka saki a zamaninsu. Yana da amfani ga wanda ya sake ɗora tsohuwar manhaja, amma ba ya ƙirƙiro sabon faci. Yana kai inji ne zuwa ranar da aka tsaya, ba gaba da ita ba.

A ganina abin da yake yanke tsawon ran tsohuwar manhaja a aikace shi ne burauza, wato manhajar buɗe shafukan intanet, domin ta nan ne kusan duk wani abu na waje yake shigowa. Google ya tsayar da Chrome na Windows 7 da 8.1 a kan zubi na 109 a farkon 2023. Firefox ya fi haƙuri, ya bar musu zubi na 115 na dogon wa'adi, ya yi ta ƙara musu lokaci, amma shi ma ba ya ci gaba daga nan. Daga lokacin da burauza ta tsaya, shafuka sukan fara ƙin buɗuwa ɗaya bayan ɗaya, ko su buɗe a karkace, ko su yi ta nuna gargaɗin cewa haɗin ba shi da aminci. Wani ɓangare na wannan ya samo asali ne daga takardun shaidar da shafuka suke tabbatar da kansu da su, waɗanda su ma suna da wa'adi. A ranar 30 ga Satumba 2021 wata babbar shaida da Let's Encrypt, mai ba shafuka irin waɗannan takardu, yake dogaro da ita ta ƙare, tsofaffin na'urori da dama suka wayi gari ba sa iya buɗe shafukan da suka buɗe jiya. Har yanzu akwai shagunan da ake biyan kuɗin Remita, ake cike fom ɗin makaranta, ake buɗe imel ɗin kwastoma a kan Windows 7 da Chrome 109, kuma idan gargaɗi ya fito sai yaron shago ya danna a wuce, domin ya saba. Wanda ya saba tsallake gargaɗin ƙarya, ranar da na gaskiya ya zo ma zai tsallake shi.

Masu Windows 10 ba su kai nan ba tukuna. Microsoft ya ce zai ci gaba da sabunta burauzar Edge, da bayanan gano ƙwayoyin cuta na Defender, da gyaran tsaro na manhajojin Microsoft 365 a kanta har zuwa Oktoban 2028. Wannan sauƙi ne na gaske, sai dai kada a ɗauka garkuwa tana maye gurbin faci: ita tana ƙoƙarin gane mugun abu ne idan ya shigo, faci kuwa yana rufe hanyar shigowar. A kuma lura cewa Office 2016 da Office 2019, waɗanda su ne a kan yawancin injinanmu, wa'adinsu ya ƙare a rana ɗaya da Windows 10, kuma takardar Word ko Excel da aka turo ta WhatsApp tana cikin tsofaffin hanyoyin da ake shigo da cuta.

Tilasta wa tsohon inji karɓar Windows 11 abu ne mai yiwuwa, kuma a cikin dabarun da ba su da albarkar kamfani shi ne wanda na fi yi wa uzuri. Wata ƙaramar manhaja ta kyauta mai suna Rufus tana haɗa filashin ɗorawa daga Windows ta asali, ta cire binciken TPM da na farosesa. Lasisin Windows 10 na gaskiya yana aiki a kan Windows 11, saboda haka babu buƙatar fasa komai. A kan inji zubi na 6 ko na 7 mai RAM giga 8 da SSD tana tafiya lafiya, kuma facin wata-wata yana zuwa, ko da yake Microsoft ya faɗa ƙarara cewa bai ɗauki alkawarin hakan ga irin waɗannan injina ba. Wahalar tana wurin babban zubi na shekara-shekara, wanda yawanci ba ya zuwa da kansa, sai an ɗora shi da hannu, alhali kowane zubi na Home da Pro wata 24 kawai ake kula da shi. Wanda ya ɗora ya manta zai tsinci kansa bayan shekara biyu a kan Windows 11 da ita ma ta daina karɓar gyara. Injinan da suka tsufa sosai kuwa, irin na zamanin Core 2 Duo, zubin 24H2 ba ya tashi a kansu ko da an yi dabara, domin yana buƙatar wasu umarnai da farosesarsu ba ta sani ba.

Linux, wata manhaja da ake ɗorawa a madadin Windows, ita ce amsar da masana suka fi so, kuma ga wasu mutane ita ce daidai. Linux Mint 22 tana da kulawa har 2029, Ubuntu ta dogon wa'adi tana da shekara biyar kyauta, ba a biyan lasisi, ba ta da nauyi, kuma ƙwayoyin cutar filashi da suka addabi shagunanmu ba sa kama ta domin an rubuta su ne saboda Windows. Ga wanda aikinsa burauza ne da rubuta wasiƙa da lissafi, kamar ofishin makarantar Islamiyya ko ɗan kasuwa mai duba asusu, na ga an koma kanta an zauna lafiya. Ga shagon buga takardu kuwa maganar ta bambanta, domin CorelDRAW ce jarin shagon, daga Agege har Shomolu da ita ake zana kati da kalanda da allon talla, kuma ba a yi ta domin Linux ba. Haka wasu firintoci da na'urorin ɗaukar hoton yatsa ba su da manhajar da za ta tuƙa su sai ta Windows. Wanda ya ce wa mai irin wannan shago ya koma Linux kawai bai zauna a shagon ya ga aikin ba.

Abin da muka yi a shagon yayana shi ne raba aiki. Tsohuwar kwamfutar tebur da take ɗauke da CorelDRAW da babbar firinta an zare mata intanet gaba ɗaya, an cire mata wayar haɗi, an goge kalmar sirrin Wi-Fi, ba ta yin komai sai zane da bugu. Injin da ba ya magana da waje ya rage haɗarinsa ƙwarai ko da manhajarsa ta tsufa. Duk wani aiki na intanet, da rajista, da biyan kuɗi, da buɗe saƙon kwastoma, ana yin sa a kan inji ɗaya da yake karɓar faci kowane wata, kuma filashin kwastoma a nan ake fara sa shi a bincika, sannan a kwashe fayil ɗin da filashin shago zuwa injin zane. Yaran shago suna aiki da asusu marar ikon ɗora manhaja, kalmar sirrin babban asusu tana hannun maigida. Da farko yaya ya ga abin ya yi yawa, ya ce, "Kai ɗan'uwa, wannan ai ɓata wa kwastoma lokaci ne." Na ce, "Yaya, minti ɗaya ne, kuma hotunan katin ɗan ƙasa da takardun makarantar mutane da ke cikin injin nan amana ce a wuyanka." Ba maganar amana kaɗai ba ce ma: tun watan Yunin 2023 Najeriya tana da dokar kare bayanan jama'a, da hukumar da take kula da ita, kuma wanda yake tara bayanan mutane a sana'arsa yana da alhakin tsare su. Mun kuma ɗauki al'adar kwafe muhimman fayiloli zuwa wata ma'ajiya ta waje a ƙarshen mako, a zare ta a ajiye a durowa, domin manhajar neman fansa tana kulle duk abin da ta tarar a haɗe da injin.

Matsalar data tana da sauƙin magani fiye da kashe sabuntawa. A cikin saitin Wi-Fi ana iya gaya wa Windows cewa wannan haɗin na awo ne, sai ta rage saukar da manyan abubuwa a kansa, sannan a ware rana ɗaya bayan Talata ta biyu ta wata, a yi amfani da datar dare ko intanet ɗin wani ofishi, a bar injin a jone da wuta har ya gama.

Ga wanda yake shirin zuwa Ikeja sayen wani injin kuwa, ya sani cewa ofisoshin ƙasashen waje da suka koma Windows 11 suna fitar da injinan da ba su cika sharaɗi ba, kuma kasuwanni irin namu ne masaukinsu, saboda haka zai ga kaya masu kyan jiki a farashi mai jan hankali, wasu ma an riga an tilasta musu Windows 11 domin su yi kama da na zamani. Ganin Windows 11 a kan allo ba shaida ba ce. A buɗe bayanin injin a karanta lambar farosesar: a i5-6300U lambar farko bayan ɗan layin ita ce 6, zubi na 6 ke nan, i5-7200U zubi na 7 ne, i5-8250U shi ne zubi na 8, inda sharaɗin ya fara, daga zubi na 10 zuwa sama lambobi biyu na farko ake karantawa. Kada a tsaya a kan i5 ko i7 da mai shago yake nanatawa, domin i7 na zubi na 6 ya faɗi sharaɗin da i3 na zubi na 8 ya cika. Sannan a rubuta tpm.msc a wurin da aka rubuta winver, a tabbata ya nuna 2.0, a kuma nemi a haɗa injin da intanet a gaban mai saye a ga ko lasisinsa na gaskiya ne kafin kuɗi su bar aljihu.